Nijar Ta Ƙi Sauka Daga Sama

Jama'a ku taso, yau kwamfuta ta tona mini asirin da ni kaina ban sani ba!!

Kun san yau ake rufe neman tallafin karatun nan, kuma 'yan Najeriya kaɗai ake ba. Na sheƙa kafe ɗin intanet na Magama. Ina cike fom, na zo wurin da ake zaɓar ƙasa, sunaye jere reras, amma Nijar ta haye can sama ita kaɗai, wai "ƙasarka". Na gangara na danna Najeriya. Fit, ta koma Nijar! Na sake, ta koma!

Mai kafe ya ce, "Sabis ɗin ƙetare ne, haka bakin boda yake. Tashi ka gani." Yana zama, Najeriya a sama! Na koma kujerar, Nijar ta dawo. Mai kafe ya ja baya yana a'uziyya: "Kai samari, ina aka binne cibiyarka?"

Na kira Inna. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗi, balle hira.

"Inna, ina aka haife ni?"

Sai ta ce, "Wa ya hwaɗa maka?"

Ashe goyon ciki ta tafi gidansu, wani ƙauye bayan Ɗan Isa, cikin Nijar. Can aka binne cibiyar, gindin tsamiya!

Ina kashe waya na ɗaga kai. Ban taɓa komi ba fa! Nijar ta sauka da kanta, ta koma layi kusa da Najeriya. Na danna Najeriya, ya shige!! 💃🏾

Mai kafe dai ya ce kar ya sake ganin ƙafata a shagonshi.