Muryar Inna Rabi a Gaban Juri

Har gobe ba na mantawa da ranar da ɗalibata Hadiza ta kare kundinta na mastar. Lokacin ina ƙaramar malama a sashen adabi a nan Zinder, kuma ita ce ɗaliba ta farko da aka damƙa mini in duba aikinta.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ɗalibi yana rubuta kundin bincike, wanda muke kira memwar, sannan ya tsaya gaban juri na malamai uku ya kare shi. Wannan zama shi ne sutanans. A takarda jarrabawa ce, amma a garinmu biki ne. Iyaye da dangi su cika ɗaki, a shigo da kulolin abinci, mai hoto yana ta zarya.

Hadiza 'yar wani ƙauye ce a yankin Damagaram Takaya. Hujjarta ita ce, tun kafin kalmar feminisim, wato fafutukar 'yancin mata, ta iso mana cikin littattafan Faransanci, matan ƙauye suna faɗin ra'ayinsu a kan gona da gado da zaman aure, sai dai a bakin turmi suke faɗa, cikin waƙar daka. Ta zagaya gidaje ta naɗi muryoyi a wayarta. Bisa ƙa'idar aiki muka canja sunayen matan duka. Waƙar da ta fi kowace kaifi kuwa ta mahaifiyarta ce, Inna Rabi, kuma daga ni sai Hadiza muka san haka. A ciki tana cewa ita ke duƙe a gonar gyaɗa tun shuka har roro, amma ranar fid da zakka sunan maigida ake kira ana sa masa albarka.

Da safen ranar sutanans na shiga ɗakin, sai ga Malam Isufu, mahaifin Hadiza, a layin gaba cikin babbar riga sabuwa fil, da ƙannensa biyu a gefe. Inna Rabi tana can baya cikin mata. Na lallashi kaina cewa Faransanci za a yi, dattijon ba ya ji.

Hadiza ta yi bayaninta tsaf. Sai shugaban juri, wani farfesa da ya zo daga Yamai, mutum mai son gaskiyar aiki har ya wuce kima, ya cire tabarau ya ce, waƙa a takarda gawa ce, shi yana son ya ji ta da kunnensa. Ya kuma zaɓi wadda ta fi burge shi. Kun san wacce.

Na matsa kusa da shi na ce ƙasa-ƙasa, "Farfesa, a bari sai mun shiga shawara mu kaɗai."

Ya ce, "Haba Madam, ai an ɓoye sunaye. Jama'a ma su amfana."

Hadiza ta dube ni, ta dubi ordinatar, wato kwamfutar da muryoyin ke ciki. In ta ƙi, juri na iya zargin ba ta je ƙauyen ba, ƙirƙira ta yi, shekara biyu su tashi a banza. In ta kunna, ta tona uwarta gaban miji da danginsa. Ni kuma na ja da baya. Ƙaramar malama ba ta musu da shugaban juri a bainar jama'a.

Ta kunna. Aka ji dukan taɓarya, sannan murya ta taso da Hausa tsantsa, kowace kalma ras. Matan baya suka fara guɗa, da suka gane muryar sai ta mutu a bakinsu. Ɗaya daga ƙannen Malam Isufu ya waiwaya baya, ya daɗe bai juyo ba. Shi kuwa dattijon bai motsa ba, ya ƙura wa takalminsa ido har waƙar ta ƙare. Farfesa ya tafa shi kaɗai, yana cewa ga adabin gwagwarmaya na asali.

Hadiza ta ci da sakamako mai kyau ƙwarai. Da aka zo hoto, Malam Isufu ya ce zai je ya yi alwala, bai dawo ba. Na je wurin Inna Rabi ina ta kame-kame. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, Allah ya saka, yarinya ta ci. Ku naku ya ƙare a nan. Ni yanzu mota ɗaya zan shiga da shi."

Satin nan duka zaune nake da fargaba. Daga baya Hadiza ta zo ofis ta ce ba a yi faɗa ba, ba a yi yaji ba, Baba bai ce uffan ba har yau. Na fara hamdala, sai ta ƙara da cewa, "Amma Madam, Inna ta daina waƙa. Daka take yi shiru."

Shi ya sa nake takura muku, ku ɗalibai da za ku shiga gidajen mutane da na'urar naɗi. Mu masu nazarin mata mun iya cewa muna ba su murya, alhali da muryarsu muka same su. Canja suna yana kare mace daga mai karatu, ba ya kare ta daga wanda ya san tarinta ta bayan katanga. Kafin ku danna maɓalli, ku tambaye ta wa ta yarda ya ji, domin in taro ya watse ita ce za ta koma gidan.