Hanyar Furen Doña Eufrosina

Maƙwabciyata Doña Eufrosina masaƙiyar mayafi ce a ƙauyenmu na Oaxaca, a ƙasar Meziko. Tun da mijinta ya mutu ba ta ƙara ambatar sunansa ba. Shi ya karya mata yatsun hannun dama, har yau da hagu take saƙa.

Ranar bikin matattu kowa yakan zuba fure ruwan ɗorawa daga titi zuwa ƙofarsa, don mamatansa su gane gida. Ita kuwa nata yakan wuce ƙofar, ya gangara rafi. Duk mun san wanda take kautarwa daga gidan.

Bana wata 'yar birni, Yolanda, ta sauka gidanta don kallon biki, sai shisshigi ya hana ta zama. Ni da Doña Eufrosina muna dawowa daga kasuwa Yolanda ta tarbe mu da tsintsiya, tana washe baki.

"Iya, ido ya fara gajiya ko? Hanyar furenki ta kauce, na gyara miki har ɗaki."

Daidai nan ƙararrawar coci ta kaɗa, alamar matattu sun iso. Karen gidan ya shige ƙarƙashin gado. Doña Eufrosina ta ɓoye hannun damanta cikin mayafi.

"'Yar nan, matsa daga ƙofar," ta ce. "Ba ya son a tare masa hanya."