Masaukin da Na Yi wa Ƙanena a Ingila

Ni karatuna a elementare ya tsaya, aji huɗu. Da shi na samu aikin akawu a wani kantin sayen riɗi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Lafiya, ina auna buhu ina rubuta nauyi. Ƙanena shi ne ya yi nisa. Ya yi midil, ya wuce kwaleji, daga nan ya tafi kudu yana karanta wani ilimi da suke kira fiziks, yana kuma taya malaminsa koyarwa. Mahaifinmu ya rasu tun kafin wannan duka, saboda haka ni ne babba a gida, kuma na riƙe girman nan da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Ban taɓa gane fiziks sosai ba, amma ina son kallonsa. Duk hutun damina in ƙanena ya zo gida, sai ya kafa doguwar gora a bayan ɗakinsa, ya ɗaura mata waya, ya jawo wayar zuwa wani ƙaramin akwati mai gilashi. A cikin akwatin akwai allura. In hadari ya taso daga gabas, tun kafin iska ta iso, sai allurar ta fara motsi ita kaɗai, shi kuwa yana duba agogo yana rubutu a wani littafi mai baƙin bango. Na tambaye shi me allurar take ji. Ya ce wuta ce a cikin gajimare, irin wadda ke zama walƙiya, kuma tana nan tun kafin ido ya gan ta. Maƙwabcinmu bai yarda da wannan bayani ba. Ya ce yaron nan kiran aradu yake yi, ya kwance awakinsa ya mayar da su can ɗaya gefen gida. Damina uku ƙanena ya yi yana cika littafin nan.

A hutun damina ta ukun ne ya gaya mana an gayyace shi taron masu wannan ilimi a wani gari can arewacin Ingila, na mako biyu. Ya ce akwai wani dattijon malami da zai zo, wanda ya ƙare rayuwarsa kan binciken walƙiya. Su a ƙasarsu ba sa samun hadari irin namu. Burinsa shi ne ya ajiye littafin nan a gaban dattijon. In ya duba ya ga akwai abin kirki a ciki, yana iya ɗaukarsa ɗalibi. Ya ce sauran abubuwan taron duk zai iya karantawa a takarda, wannan ne kaɗai sai ido da ido.

Nan take na ce shirin tafiya nawa ne, shi ya ji da littafinsa. Ya ce, "To, Yaya." Sai ya hau jirgi zuwa Kaduna neman fasfo da allurar shawara, abin da ya cinye masa kusan mako uku.

Yana can sai ga ambulan mai kauri daga masu taron, ta adireshin kantinmu. Na buɗe. Wallahi ban taɓa ganin takarda mai ban sha'awa irin wannan ba. Kwana biyu ina karanta ta, kalma bayan kalma, ina tambayar wani malamin makarantar mishan abin da ya fi ƙarfina. Sun rubuta jirgin ƙasan da mutum zai hau in ya sauka daga jirgin ruwa, da tashar da zai canza wani. Sun ce kowa ya zo da tawul da sabulunsa da riga mai kauri. Sun faɗi ƙarfe nawa ake buga ƙararrawar abinci. Na yi ta mamakin mutanen da suka san abin da za su ci ranar Talata ta wata uku masu zuwa. A ƙarshen ambulan akwai ɗan kati. An tanadi ɗakuna a gidan kwanan ɗalibai, inda duk mahalarta za su sauka. Mai son ɗaki ya sa alama a nan, wanda ba ya so ya sa a can, a mayar da katin da wuri.

A nan na tsaya. Mahaifinmu farke ne, ya yi tafiyar goro shekara da shekaru, kuma bai taɓa kwana a ɗakin haya ba. Ka isa gari, ka tambayi ina ɗan garinku yake, ka je ka yi sallama, shi ke nan. Shi ne mai masaukinka, shi zai ba ka ruwa, ya nuna maka alƙibla, ya san abin da kake ci da wanda ba ka ci. Wanda ya kwana a ɗakin kuɗi alhali akwai nasa a garin, to ko dai ba shi da mutunci a gida, ko yana da abin da yake ɓoyewa. Haka muka tashi muka gani. Mu ma a gidanmu akwai ɗakin da ba ya rabuwa da baƙo. Sai na tuna ai muna da mutum a Ingila.

Wani tsohon soja ne ɗan Adogi. Bayan yaƙi ya kama aikin zuba gawayi a jirgin ruwa, ya zauna a garin da jiragen ruwan Ikko ke tsayawa. Ranar Lahadi na hau keke na tafi Adogi wurin mahaifiyarsa. Na same ta tana shanyar rogo. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar ambulan daga cikin ƙwarya, ta goge ta da bakin zane ta miƙo mini. Ta ce gidan ɗanta gidanmu ne, in ma ƙanena ya sauka wani wuri ita ba za ta yafe ba. Na kwafi adireshin, na sha kunu, na dawo ina jin na yi abin da babba ke yi.

Ban tsaya nan ba, na yi bincike irin nawa. Na je makarantar mishan na roƙa a nuna mini taswirar duniya da ke rataye a bango. Na nemo garin sojan, na sa aka nuna mini wajen da garin taron yake. Kan yatsata ɗaya ya rufe su duka biyun. Na ce ashe kamar Lafiya da Shabu ne, mutum ya karya kumallo ya taka. Ban lura cewa yatsar nan tawa ta rufe Lafiya da Makurdi da Jos a lokaci guda ba.

Na sa alama a inda aka ce ba a son ɗaki, har na ƙara da hannuna cewa yana da mai masauki. Na rubuta wa sojan wasiƙa, ba don neman izini ba, don baƙo ba ya neman izini, sai dai don ya san ranar. Na kai su gidan waya.

Akawun gidan waya mutumin Binuwai ne, ya yi aiki da Turawa a Fatakwal. Katin ba ya cikin ambulan, saboda haka ya karanta yana lasar kan sarki. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ka ce ba ka so ɗaki? Bature ba ya yin baƙo haka fa. In babu suna a takarda, babu gado."

Na ce masa mu tafiya gadonmu ce, ba yau muka fara ba. Ya ɗaga kafaɗa ya buga hatimi.

Rashin sani ba shi ne laifina ba, ko da yake ya isa laifi. Laifina shi ne maganar mutumin nan ta shige ni tun kafin in kai bakin ƙofa, kuma da sauran lokaci mai yawa. Mako ya wuce, biyu suka wuce, babu amsa daga sojan. Kullum sai in ce gobe zan sake rubuta wa masu taron, gobe ta yi sai in ga ai kamar na yarda akawu ya fi ni sanin tafiya ke nan. Da ƙanena ya dawo daga Kaduna da fasfonsa, hannu a kumbure saboda allura, na ba shi takardun duka, ban ce komai game da katin ba. Ya tambaye ni maganar wurin kwana. Na ce na gama da wannan, kada ya damu. Ƙane ba ya tsare wansa da tambaya, kuma na san haka lokacin da nake faɗa.

Sai na dulmuya cikin sauran shirin, wanda ya fi daɗi. Telanmu bai taɓa ɗinka rigar sanyi ba, muka sayi bargon soja a kasuwa ya yanka ya yi kwat mai nauyi kamar rabin buhun riɗi. Ƙanena ya gwada da tsakar rana, gumi ya jiƙa shi, mahaifiyarmu ta yi dariya har ta zauna. Muka sayi adaka, na rubuta sunansa da fenti. Aka yi masa ƙuli-ƙuli da yaji da garin rogo. Na haddace hanyarsa kamar ni zan yi ta: daga nan zuwa Kafanchan, zuwa Kaduna, a juyo kudu a haye kogin Kwara a Jabba, har Ikko, sannan mako biyu a kan ruwa.

Ranar tafiya da hantsi muna tasha sai ga tsohuwar Adogi, ta yi sammako da ƙunshi a ka da kaza a hannu. Daddawa ce da kuka da riɗi. Kazar dai muka lallashe ta ta haƙura. Ta danƙa wa ƙanena ƙunshin, ta ce ya gaya wa ɗanta ya riƙe shi da kyau tun da a gidansa zai sauka.

Ƙanena ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya don kada mahaifiyarmu ta ji.

"Yaya, akwai kati a cikin ambulan nan?"

"Akwai."

"Me aka rubuta a kai?"

Na gaya masa. Na ƙara da cewa ai garuruwan kusa suke, na duba taswira. Ya juya yana kallon layin dogo. Can ya ce tafiyar yini ce a jirgi. Jirgin ya iso, muka ɗora adaka, ya durƙusa wa mahaifiyarmu, ya ba ni hannu kamar yadda ya saba.

Daga Ikko ya buga wa masu taron waya, suka amsa cewa ɗakuna sun cika. Wannan ma ba a wasiƙa na ji ba. Wasiƙunsa duk abin da ya san zai burge ni ne: yadda ake ɗaure faranti a tebur in teku ya tashi, da kifin da ke tsalle kamar tsuntsu, da yadda rana ke ƙin faɗuwa har mutum ya rasa lokacin magariba. Ya ce ya kai ƙunshin. Sojan yana kan ruwa, matarsa Baturiya ce ta buɗe ƙofa, ta shaƙi daddawa ta yi tari, amma ta ba shi shayi ta raka shi tasha.

Da ya dawo na yi kwana uku ina yi masa tambaya. Da me suke wanka a sanyin nan, wa ke share titunansu, yaya ƙanƙara take a hannu. Yana amsawa yana dariya. Tambaya ɗaya nake kewayewa. A rana ta huɗu bayan la'asar muna zaune a zaure na ce masa dattijon fa, ya ga littafin?

Ya ce bai gani ba. Ya samu ɗaki a gidan wata gwauruwa can bayan gari, motar ƙarshe mai zuwa unguwar tana tashi kafin a buga ƙararrawar abincin yamma. Da rana dattijon ba ya sauraron kowa, daga kan mumbari sai ɗakinsa. Bayan abincin yamma ne yake zama a falon gidan kwanan, mutane su kewaye shi da takardunsu, ya duba na kowa. A nan ya zaɓi mutum biyu da zai ɗauka. Ƙanena ya taɓa tsayawa sau ɗaya ya ce zai koma da ƙafa, a ranar kuwa dattijon mura ta kama shi bai fito ba. Ranar ƙarshe ya kwafi shafi goma daga littafin, ya rubuta adireshin kantinmu, ya ba mai gadin ƙofa ya miƙa.

Na ce masa akawun gidan waya ya gargaɗe ni, kuma da sauran lokaci, ni ne na ƙi. Na ce ya yafe mini. Wannan ne karo na farko da na faɗa wa ƙanena irin wannan kalma, kuma ta fito da ƙyar.

"Allah ya yafe mana, Yaya. Wataƙila ma da ya gani ya ce ba komai a ciki."

Ni na san bai yarda da haka ba, shi ma ya san na sani.

Ya koma kudu ya ci gaba da koyarwa. Ni kuwa duk ranar da jirgin wasiƙu ya zo sai in bar sikeli in tafi gidan waya da kaina, in tambayi akawun ko akwai wasiƙa mai kan sarkin Ingila. Bai taɓa tuna mini da maganarsa ba, sai ya duba jakar a gabana har ƙasa, ya girgiza kai. Shekara biyu ina zuwa. Ba ta zo ba.