Biron Malam Ƙamus

A unguwarsu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Malam Ƙamus ake ce masa, shi kuma yana amsawa har da gyara zaman gilashi. Ɗaliban sakandaren da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa Turanci ne suka laƙaba masa, don ba a taɓa kawo masa kalma ya ce bari ya duba ba. Da ya yi ritaya sunan ya biyo shi gida. Duk wanda aka aiko wa takarda daga ofis, ko aka ba shi magani mai dogon bayani a jikin kwali, ƙofar Malam yake nufa. Malam zai sa a fito masa da kujera ya karanta da ƙarfi, ko da mai takardar ya so a yi a asirce, saboda yana jin daɗin muryarsa idan tana fitar da Turanci. Mutumin kirki ne, ba ya ƙyashin taimako, sai dai Allah ya zuba masa son a yaba. Matarsa takan ce da ana dafa Turanci, da gidansu ba a taɓa yin cefane ba.

Kuma gaskiya ya iya, in dai a takarda ne. Ka ba shi shafi mai sarƙaƙiya, kafin shayinka ya huce ya warware maka shi tiryan-tiryan. Abin da mutane ba su sani ba shi ne duk Turancin nan a littafi ya tsince shi, da bakin malaman da su ma a littafi suka tsinta. Makarantar da ya koyar tana da rediyo mai kaset guda ɗaya, wanda ya fi zama a shagon mai gyara fiye da cikin aji. Don haka idan aka zo darasin saurare, Malam ne yake zama rediyon. Ya riƙe littafi a hagu, biro a dama, ya karanta wa yara labarin da bakinsa, su kuma su amsa tambayoyi. Ajinsa ya yi suna wajen cin wannan darasi, kuma ya daɗe yana cika baki da hakan.

Autarsa nas ce a ɗakin yara na wani asibiti. Wani asibitin a ƙasar waje ya ba ta gurbin aiki da ƙarin karatu, da sharaɗi ɗaya: ta ci jarrabawar ƙwarewa a Turanci kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba a ba wani. Jarrabawar kashi huɗu ce, saurare da karatu da rubutu da magana, kuma kowane kashi sai an kai makin da suka yanka. Da Auta ta faɗa a gida, Malam ya yi dariya ya ce ashe abin nema ya kwana a ɗakinsa. Tun daga ranar ya koma bakin aiki. Kafin ta dawo daga asibiti da yamma ya goge teburin falo, ya sa rigarsa mai aljihu a ƙirji wadda yake zuwa aji da ita a da, ya soke biro a aljihun, ya zauna yana kallon ƙofa.

Ranar farko Auta ta ajiye wayarta a tsakiyar tebur ta kunna sautin da ya zo tare da littafin gwaji. Wata mata ce take magana da wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Iya abin da Malam ya kama ke nan. Mutanen suka zuba da gudu, suna haɗiye rabin kalma, ɗaya bai rufe baki ba ɗaya ya ɗauka. Yana cafko kalma ɗaya yana juya ta, biyar sun wuce. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin gilashi. Ya dubi Auta, ta duƙufa tana rubutu, sai ya shiga gyaɗa kai irin na wanda ya gane komai, har da 'yar dariya a inda ya ji muryar matar ta ɗan tashi. Da sautin ya ƙare ya yi tsaki, ya ce spikar wayar nan ba ta da kyau, kuma waɗannan mutane ba su iya yarensu ba, cin kalmomi kawai suke yi. Ya juya bayan littafin, inda aka rubuta duk abin da aka faɗa a sautin, ya ce ta kashe wayar, shi zai riƙa karanta mata.

Haka suka yi watanni. A kashin karatu ya yi mata aikin da babu wanda zai yi mata irinsa. Ya koya mata ta fara duba tambaya kafin ta shiga shafi, ta daina tsayawa kokawa da kalmar da ba ta sani ba, ta gane inda marubuci yake faɗin ra'ayinsa da inda yake kawo na wani don ya rushe. A kashin saurare kuwa sai ya miƙe tsaye, littafi a hagu, biro a dama, ya zama matar tashar jirgi, ya zama ma'aikacin, ya zama malamin jami'a mai bayani a kan ƙudan zuma. Auta tana cinye tambayoyin kusan duka. Malam yana fita ƙofar gida yana ba da labari.

Auta ta zauna jarrabawar, sakamako ya fito. Karatu ta wuce abin da ake nema nesa ba kusa ba, rubutu da magana ta haye, saurare kuwa ta faɗi warwas. Ta ce da aka kunna sautin ji ta yi kamar an jefa ta a kogi. Malam ya yi ta borin kunya, ya zagi na'urorin ɗakin jarrabawar, ya zagi masu maki, har ya ce zai rubuta musu takarda. Matarsa ta dube shi, ta ci gaba da ninke kayan wanki. Zama ɗaya ya rage wa Auta kafin shekara ta ƙare. Ta sake yin rajista, shi kuma ya sake goge tebur, suka ɗora daga inda suka tsaya. A ransa ya san abin da ya ɓoye a ranar farko, amma ya lallashi kansa da cewa Turanci ai Turanci ne, ko daga bakin wa ya fito.

Ana cikin haka gilashinsa ya fara gajiya, ya tafi a canza masa. Likitan idon ashe tsohon ɗalibinsa ne, ya yi ƙiba har Malam bai gane shi ba sai da ya yi dariya. Ya rusuna ya gaishe shi, ya zaunar da shi, ya ɗora masa wani gilashin gwaji mai nauyi a hanci, yana tsokanarsa wai yau shi ne zai ce Malam ya karanta. Suna cikin hirar makaranta sai likitan ya ce, “Malam, biron nan yana nan kuwa?”

Malam ya tambaye shi wane biro.

“Wanda kake ƙwanƙwasa tebur da shi mana. In kana karanta mana labarin saurare, da ka kusa inda amsa take sai ka rage gudu, ka buga gindin biro a tebur. Mu ai ba labarin muke bi ba. Kanmu a ƙasa, kunne yana wajen tebur, da mun ji ƙwas sai mu rubuta abin da ya biyo baya. 'Yan ajin gaba ne suka gaya mana tun muna aji ɗaya. Allah ya saka maka, Malam, ka ji tausayinmu.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin Malam da gangan yake yi don ya taimaki yara. Malam kuwa bai taɓa sanin hannunsa yana yin haka ba. Ya yi dariyar yaƙe da wannan ƙarfe a fuskarsa, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Likitan ya nuna masa haruffan da ke jikin bango ya ce ya karanta layin ƙasa. Yana ganinsu sarai, amma sai da aka maimaita masa kafin ya buɗe baki. A bas ɗin komawa gida ya yi ta tuno ajujuwan da suka wuce ta hannunsa, da yadda yake tsayawa a ɗakin malamai yana ba sababbin malamai shawara a kan koyar da saurare. Daga nan tunanin ya sauka a kan Auta.

Da yamma ta dawo, ta wanke hannu, ta zauna da takardarta. Malam ya bar biron a aljihu ya fara karatu. Ya yi niyyar ya tafi da murya ɗaya har ƙarshe. Bai yi nisa ba ya ji harshensa yana rage gudu da kansa, ya duba sai ga ɗan yatsansa ya sauka a kan tebur. Ya ɗaga kai. Idon Auta yana kan hannunsa, kuma har ta rubuta amsar. Ita ma ba ta san tana yi ba.

Ya rufe littafin. Ya ce ta kunna wayar, ta kuma yago masa takarda shi ma. Ta yi yadda ya ce. Ya jawo kujera kusa da ita ya zauna kamar ɗalibi. Wasu mutum biyu ne suke shirya tafiya, ko kuwa taro, bai tabbata ba. Ya kasa kunne iyakar ƙarfinsa, ya rubuta abin da ya samu, ya bar gurabe da yawa babu komai. Da aka gama suka duba amsoshi a bayan littafi. Auta ta ci fiye da yadda ya zata, ko da yake da saura. Tasa takardar kuwa ko rabi ba ta kai ba. Ya so ya ninke ta ya sa a aljihu, hannunsa har ya fara. Sai ya tura mata ita gabanta.

Ta duba, ta yi saurin cewa ai spikar ce, kuma ga ƙarar injin maƙwabta.

“Ba spika ba ce, Auta,” in ji shi. “Ba na jin su. Tun ranar farko ban ji su ba, na ji kunyar in gaya miki. Ni na kayar da ke.”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen takardar. “Na sani, Baba. Ranar nan, inda matar ta ce maganin ɗanta yana cikin jakar da ta ɓata, a nan ka yi dariya.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige. Ta ce da farko ta ɗauka karatun nasa zai wadatar, tunda tana cin tambayoyin. Bayan ta faɗi ne ta fara sa abin saurare a kunne a cikin bas, zuwa da dawowa, da lokacin hutun cin abinci a asibiti. Ya tambaye ta to me ya sa take zama kullum yana cinye mata yammacinta, ga gajiyar aiki, ga jarrabawa ta matso.

“In na shigo na ga ka goge tebur ka sa rigar nan, ta ina zan fara?”

Ya fi jin zafin wannan a kan maganar likitan ido, domin yarinyar ta san gurbinta yana lilo, amma ta zaɓi ta rufa masa asiri. Matarsa ta leƙo daga kicin ta ga fuskokinsu, ta koma ba ta tambaya ba.

Daga ranar aikinsa ya canza. Shi ne mai danna waya da duba agogo, kuma ba ya yarda a mayar da sauti baya, tunda a ɗakin jarrabawa sau ɗaya ake kunnawa. Yakan zauna ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya kafe bango da ido don kada fuskarsa ma ta ba da amsa, ko da yake yanzu ba shi da amsar da zai bayar. Idan an gama ne yake da amfani. Sai su buɗe bayan littafi, ya nuna mata inda mai magana ya faɗi abu sannan ya janye, da inda tambaya ta sauya kalma don ta ruɗe ta. Wani lokaci ita ce take tsayar da sautin ta ce masa ga abin da suka ce, ya ce ta sake kunnawa ya ji. Yakan ji, wani lokacin kuma ba ya ji, ya faɗa.

A zama na biyu ta ci, da ƙyar, daidai makin da aka yanka ba ƙari. Labari ya zaga unguwa, aka cika ƙofar gida ana taya murna, kowa yana cewa ai ba abin mamaki ba ne, 'yar Malam Ƙamus ce. A da, da ya sa an fito masa da kujera. Ranar a tsaye ya karɓi gaisuwar, yana ta kallon takalmansa. Sai tela maƙwabcinsu ya matso, ya ce ƙanensa ma zai zauna irin wannan jarrabawa, yana roƙon Malam ya ɗauke shi kamar yadda ya yi wa Auta, musamman wajen sauraren nan da ake cewa yana kayar da mutane.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa, ta buɗe baki za ta amsa masa. Malam ya riga ta.

“Karatu da rubutu ka turo shi, zan yi masa. Saurare kuwa ban iya ba. Ita ta koya wa kanta a cikin bas, ni ɓata mata lokaci na yi.”

Mutane suka fashe da dariya, tela ya ce kai Malam akwai barkwanci. Malam ya sake faɗa, a hankali, bai yi dariya ba. Dariyar ta ragu, wani ya yi gyaran murya, wani ya tuna yana da aiki a shago. Tela ya tsaya yana susar ƙeya, sannan ya dubi Auta ya tambaye ta sunan littafin da ta yi amfani da shi. Ta ce bari ta ɗauko masa. Malam ya ce ta bari, ya san inda yake, ya shiga ciki ya ɗauko.