Kurɓar Farko a Bakin Tukunyar Burkutu

Ko na manta sunayen jikokina, wanda dama yakan faru, ba zan manta ranar da na kai wata mai burkutu asibitin Bunguɗu ba. An ɗan jima da canja fam zuwa naira. Ni direban akori-kura ne a lokacin, karatuna aji biyu, amma a bakin tukunyarta ni ne babban likita.

Ɗanta ya shekara uku, jiki kamar na ɗan wata goma, ba ya magana. Na dube shi na yanke hukunci: iska ce. Abokan shana suka ce maita. Da hayaƙi da laya suka gaza, na kwashe su a mota, ga ta da wani cikin kuma.

Nas ɗin 'yar kudu ce, Hausarta ta fi Turancina nesa. Ta ɗora yaron a sikeli, ta zagaye kansa da tef irin na tela, ta daɗe tana duban ƙananan idanunsa, da siririn leɓensa na sama, da ƙasan hancinsa da ya shafe sumul.

Ta ce wa uwar, "Alamu sun taru. In kin sha giya da cikinsa, Gusau zan tura ku wurin babban likita. In ba haka ba, ku koma da maganin ƙarin jini."

"Ni? Na rantse ba ni sha. Dafawa kawai nike."

Nas ta jawo kwalbar magani. Sai na ga ya kamata in kare mutuncin baiwar Allah.

"Gaskiyarta, Sista. Kurɓar farko ce kawai."

"Wace kurɓa?"

Na gyara tsayuwa na karantar da ita: namiji mai hankali ba ya kai ƙwarya baki sai mai giya ta fara kurɓa a gabansa, saboda sammu.

"Kowace ƙwarya? Ku nawa ne?"

"Ran kasuwa ai ko wurin tsugunawa babu," na ce, har da buga ƙirji.

Ta ture kwalbar. "Wato ƙarti da gemu, ɗan cikin ciki ne ke gwada muku guba?"

Ranar muka wuce Gusau. Likita ya ce yaron ba zai warke sarai ba, amma ya koya wa uwar yadda za ta kula da shi, ya kuma hana ta ko lasa. Mashaya suka taru suka naɗa ni sarkin kurɓa, in riƙa yi musu kurɓar farko a madadinta, tunda bakina ne ya jawo.

Ƙanwar yaron ta zo duniya da kuka mai tsaga kunne da ƙiba son kowa. Ni kuwa na koyi cewa jarumtakar da muke taƙama da ita, wanda ba a haifa ba ne yake ɗaukar mana nauyinta.