Abin da Hinda ta gani a idon Azumi

Hinda ungozoma ce a Yekuwa, kuma ba ta taɓa cikin mace sai ta ja fatar idonta ƙasa ta duba. In wurin ja ne, jini ya wadata. A yunwar 1973 idanun matan garin suka yi fari fat, wasu ba su tashi daga haihuwa ba.

Wata safiya 'yarta Azumi, mai tsohon ciki, ta dawo daga rijiya tana haki. Hinda ta ja idon, ta daɗe tana kallo.

"Inna, me kika gani?"

"Kira mijinki ya ɗaura amalanke."

Gidan likita yana can Magarya, bijiminsu kuwa da ƙyar yake tsayuwa. Haka suka kama hanya, Hinda tana bin su a ƙasa don ta rage masa nauyi.