Gudan jinin da aka kira baƙin ciki

Assalamu alaikum. Tun rasuwar maigidana ban sake rubuta komai a nan ba. Wasu sun ɗauka takaba ce ta rufe min baki. Rabi ita ce, rabi kuma numfashi ne ya yi min ƙaranci.

Da aka yi rasuwar, aka shimfiɗa min tabarma a ƙuryar ɗakina a Gwandu. Kun san yadda muke. 'Yan gaisuwa daga Masama, daga Dodoru, waɗannan su fita waɗancan su shigo, ke kuwa ƙafa a naɗe, kai a sunkuye. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ba na tashi sai alwala da salla. Bayan an watse ma zaman ya bi jikina. Ni da nake yini tsaye gaban allo ina koyarwa, na koma kamar turmi.

Sai ƙafata ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ta yi tauri, ta ɗau zafi. Aka ce sanyin ƙasa ne. Aka shafa man zafi, aka murza ta sosai.

Daga nan sai haki. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na dafa bango. In na ja numfashi, kamar an soka min tsinke a ƙirji.

Goggo Hauwa, yayar marigayi, ita ke taya ni zaman takaba. Ta dube ni ta ce, "Balkisu, wanga ba ciwon asibiti na ba. Kuka kika haɗiye, shi ya tokare miki ƙirji."

Wata ta ce zuciya gare ni, jinin mai faɗa ba ya kwanciya. Wata abokiyar aikina ta turo min dogon bayani a waya: wai huhu ma'ajiyar baƙin ciki ne, jijiya kuwa ba ta toshewa sai farin ciki ya daina gudana, in yafe wa kowa zan warke. Na yafe wa kowa, har maƙwabcin da awakinsa suka cinye min zogale. Ƙafar ba ta sace ba.

Abin da ya sa maganarsu ke kama mutum, akwai gaskiya a cikinta. Ina kewar mijina. To wa zai musa?

Ranar da na yi tari na ga jini, na kira ƙanena Bello ya zo da mota. Goggo ta tare ƙofar zaure.

"Mai takaba ta hita? Ko arba'in ba a yi ba! Mi za a ce da gidanmu?"

Na ce, "Goggo, littattafan da ake faɗa miki na karanta su. Lalura ta halatta fita."

"In kika ƙetare zauren ga kin tozarta shi cikin kabarinai."

"In na zauna kuwa, ku fara haƙa na kusa da shi."

Ban iya ƙara wata kalma ba, numfashi ya ƙare. Ta daɗe tana kallon yadda nake haki. Sai ta koma ciki, ta ɗauko 'yar wuƙar nan da ake ba mai takaba ta riƙe, ta danƙa min, ta riga ni shiga motar.

A asibiti a Kalgo aka maƙala min wani abu a yatsa, sai na ga ma'aikaciyar jinyar ta daina fara'a. Aka sa min iskar oksijin. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙafa da na ƙirji.

Likita ya ce, "Hajiya, jini ne ya daskare a jijiyar ƙafarki saboda dogon zama. Wani gutsure ya ɓalle ya tafi huhu. Wa ya murza ƙafar nan?"

Na ce, "A gida aka murza."

"Kar a sake."

Na ce, "Baƙin cikin fa?"

Ya ce, "Shi ya zaunar da ke. Zaman ya yi sauran."

Allura a fatar ciki safe da yamma, daga baya ƙwayoyin tsinka jini na watanni. Ba su da arha. Tumakina suka tafi, 'yan kunnena na zinari suka bi su. Tsoro kuwa na ji shi. Ba mutuwar ba, a'a, yarana da za a yi wa gaisuwa sau biyu a damina ɗaya.

Na dawo gida na ƙarasa takabata a tsaye, ina zagaya tsakar gida. Goggo har yau cewa take rubutun da ta ba ni ne ya yi aiki. Ba na musu da ita, don ita ce kuma ke ƙwala min kira, "Ke Balkisu, tashi ki taka!"

Alhamdu lillahi, na koma aji. Na gode wa Allah, na gode wa Bello, da likitoci da ma'aikatan jinya, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san abin da ake ciki ba.

Har yanzu raina na ɓaci, amma ba da Goggo ba. Da wannan ɗabi'a tamu ta fassara ciwon mace kafin a auna shi.

Don Allah, ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kar a murza, a tafi asibiti. Haki ba dalili, ciwon ƙirji, tari da jini, ba a jiran gobe. A yi addu'ar a cikin mota.

In kun je gaisuwa kuma, bayan kun ce wa mai takaba sai haƙuri, ku dubi ƙafarta, ku kama hannunta ku zagaya tsakar gida. Gawa ɗaya ta ishi gida.